Fulogin Motar Daji da Lokacin Sake Shi

1. Hanyoyinmu da abin hawanmu

A shekarar 1929 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙaura Namoda, nan ta tsaya. A wannan zamani jakuna da raƙuma da takarkarai su ke ɗauko gyaɗa da auduga daga ƙauyuka su kai tasha. Mai jaki kuwa ya san jakinsa sarai. In ya ga yana ɗingishi, ko ya ƙi cin harawa, ba ya ɗora masa mangala ya nufi doguwar hanya.

Yau yawancin wannan aiki ya koma wuyan babur da akori-kura da sauran motoci masu jure wuya, irin su Land Rover, da Land Cruiser, da Hilux. Babbar hanya ta taso daga Gusau zuwa Ƙaura, sa'an nan ta rabu. Ɗaya ta yi arewa zuwa Shinkafi da Isa, ɗaya ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya a ƙasar Katsina. Amma yawancin ƙauyuka ba a bakin kwalta su ke ba. Wanda zai kai hatsi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko zai ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, tilas ya bi ta rairayi da gargada, da damina kuma ya keta taɓo da ƙoramun da ke malala cikin Gagare da Bunsuru. Irin abin hawan da ke wannan aiki shi mu ke kira motar daji cikin wannan ɗan littafi, ko mai ƙafa huɗu ne ko mai ƙafa biyu.

Kowa ya sani kuma dajin nan ba shi da amincin da ya ke da shi a da. A shekarar 2021 har gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana hawan babur da dare, saboda 'yan bindiga. Mutuwar inji a tsakiyar daji da la'asar sakaliya ba ƙaramar magana ba ce. Sau da yawa kuwa abin da ke kashe injin bai wuce tsawon yatsa ba, sunansa fulogi. Nufinmu a nan mu nuna yadda mutum zai san fuloginsa ya gaji tun yana gida, kamar yadda mai jaki ke sanin jakinsa.

2. Mene ne fulogi?

Dattawa sun san ƙyastu da ƙanƙara. A kan ƙyasta ƙarfe a jikin dutse, tartsatsi ya faɗa kan auduga, wuta ta kama. To, fulogi shi ne ƙyastun inji.

Cikin injin fetur akwai wani kurtu na ƙarfe da a ke kira silinda, a cikinsa kuma akwai fistan mai hawa da sauka kamar taɓarya cikin turmi. Aikinsa taki huɗu ne. Da farko ya sauka, ya zuƙo iska gauraye da fetur. Na biyu ya hau, ya matse su a ɗan ƙaramin wuri. Na uku fulogi ya ba da tartsatsi, gaurayen ya kama da wuta, ƙarfin wutar ya tunkuɗa fistan ƙasa, wannan tunkuɗa ita ke juya ƙafafun mota. Na huɗu ya sāke hawa, ya kore hayaƙi ta salansa. Ƙaramin babur silinda guda gare shi, yawancin motoci kuwa huɗu ne ko shida, kowace da nata fulogi.

In ka riƙe fulogi a hannu za ka ga gaɓoɓi biyar. Akwai kai, inda hular waya ke zama. Akwai farin tangaran, wanda ke hana lantarki ɓallewa. Akwai jikin ƙarfe mai haƙora irin na noti, wanda a ke murɗawa cikin kan inji. A can ƙarshe akwai tsinken tsakiya, da wata 'yar ƙugiya da ta lanƙwaso a kansa ba ta taɓa shi ba. Ɗan sararin da ke tsakanin tsinke da ƙugiya shi a ke kira rata, a nan ne tartsatsi ke tsallakawa.

Ana auna ƙarfin turin lantarki da wani awo mai suna bolt. Batirin mota bolt 12 ne kurum, ba zai iya tsallake ko wace rata ba. Saboda haka aka yi wata na'ura mai suna kwail, wadda ke ɗaga shi ya kai bolt 10,000 har zuwa 30,000. Riƙe wannan magana, gama za mu komo kanta.

Injin dizal, irin na tarakta da manyan motoci da waɗansu Hilux da Land Cruiser, ba shi da irin wannan fulogi. Shi matse iska ya ke yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Abin da wasu ke kira fuloginsa ɗumama silinda kaɗai ya ke yi kafin a tayar da inji. Maganarmu duka a kan injin fetur ta ke.

3. Asalinsa

Fulogi ya girmi mota. A 1860 wani mutum mai suna Etienne Lenoir ya ƙera inji a birnin Faris na Faransa wanda tartsatsin lantarki ke kunna shi. A 1876 Nikolaus Otto, Bajamushe, ya fito da injin taki huɗu da muka bayyana. A 1902 kuma ma'aikatar Robert Bosch ta Jamus, da aikin wani injiniyanta Gottlob Honold, ta haɗa fulogi da na'urar lantarki mai ƙarfi wadda a ke iya dogara da ita a kan hanya. Kamfanin NGK, wanda sunansa ke jikin fulogai da yawa a kasuwanninmu, an kafa shi a Nagoya ta Japan a 1936. Land Rover ta fito a Ingila a 1948, Hilux kuma a Japan a 1968. Duk tsawon shekarun nan an sāke ƙarfen da a ke yin bakin fulogi da shi, amma siffarsa da aikinsa suna nan yadda su ke.

4. Abin da ke cinye shi

Kowane tartsatsi ya kan gutsuri ɗan ƙarfe daga bakin tsinke da ƙugiya, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya gani. Amma dubi yawansu. Baburin da injinsa ke juyawa sau 5,000 a minti, fuloginsa yana kunna wuta sau 2,500 a wannan minti, watau sau 150,000 a awa guda. Yau da gobe kaifin bakin tsinke ya kan dakushe ya zama kamar kan ƙwarya, ƙugiya ta sirance, rata ta buɗe.

Tartsatsi ya fi son tashi daga wuri mai kaifi. In baki ya dakushe, rata kuma ta yi faɗi, sai ya bukaci bolt fiye da na da. Kwail yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. Ran da bukatar fulogi ta wuce wannan iyaka, sai wuta ta riƙa fashi. Ta fi yin fashin kuwa daidai lokacin da inji ke cikin wahala, kamar hawan gaɓar gulbi da kaya, domin iskar da aka matse da yawa ta fi wuyar tsallakawa.

5. Abin da masu ƙira suka ce, da inda agogo ke ruɗin mutum

Kowane abin hawa ya kan zo da littafinsa, a ciki an faɗi nisan tafiyar da za a yi kafin a sāke fulogi. Ga kimanin abin da a kan samu. Fulogi na kullum, mai jan ƙarfe a ciki, ya kan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000 a mota. A ƙaramin babur ba ya kai haka, a kan ce a sāke shi wajen kilomita 8,000 zuwa 12,000, domin injin babur ya fi saurin juyawa. Akwai kuma fulogai masu tsada waɗanda aka yi bakinsu da filatinum ko iridiyum, ƙarafa ne masu jure wuta, waɗansunsu su kan kai kilomita 100,000. In littafinka na nan, abin da ya faɗa shi ne farkon abin bi.

Amma a lura. Agogon da ke gaban direba juyin ƙafa ya ke ƙirgawa, fulogi kuwa juyin inji ke cinye shi. A kan kwalta su biyun suna tafiya tare. A daji sun rabu.

Ga misali. A ce mota ta yi kilomita 40 a kan kwalta da gudun 80 a awa, injinta na juyawa sau 2,500 a minti. Rabin awa ta isa, kowane fulogi ya yi tartsatsi 37,500. A ce kuma ta yi wannan kilomita 40 cikin rairayi da ƙaramar giya, da gudun 10 a awa, inji na juyawa kamar dā. Awa huɗu za ta ci, kowane fulogi ya yi tartsatsi 300,000. Agogo ya rubuta 40 a duka biyun, amma fulogi ya yi aiki ninki takwas. Ba mu ma sa lokacin da mota ta kafe ana ta ba ta wuta ba, ko lokacin da ta ke tsaye a tasha da inji a kunne ana lodi. Balle kuma babura da yawa wayar agogonsu ta tsinke tuntuni.

Masu ƙira sun san wannan. Shi ya sa injin da ba ya tafiya, kamar injin ban-ruwa na fadama, da awa a ke lissafinsa. Littafin ƙananan injunan Honda irin waɗannan ya ce a duba fulogi bayan awa 100 na aiki, a sāke shi bayan awa 300 ko shekara guda. Motar daji tana tsakanin motar birni da injin ban-ruwa. Mai ita sai ya dubi agogo da ido ɗaya, ya dubi fulogin kansa da ɗayan.

6. Maƙiyan fulogi a ƙasarmu

Ban da tsufa, akwai abubuwa huɗu da ke gajarta kwanansa a wannan yanki.

Na farko ƙura. Da hunturu, da kuma duk rani a hanyar burji, matatar iska ta kan toshe. In iska ta ragu, musamman a inji mai kafireta, sai fetur ya rinjaye ta, wuta ba ta cinye shi duka, baƙin hayaƙi ya lulluɓe bakin fulogi. Wasu in sun ga haka sai su cire matatar su yar. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, gama ƙurar za ta shiga silinda ta goge zobban fistan, baƙin mai ya riƙa haurowa yana jiƙa fulogi.

Na biyu tafiyar hawainiya. Bakin fulogi yana wanke kansa da zafi. In ya kai kimanin digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salsiyas, kunkunniyar da ta taru ta kan ƙone ta fice. In inji ya daɗe yana aiki a hankali, ko an bar cok a jawo, zafin ba ya kai haka. Kunkunniya kuwa tana ɗaukar lantarki, sai wutar ta bi ta jikinta ta zurare, ba ta tsallake rata ba.

Na uku ruwa. Da damina, in an ratsa mashigi, ruwa ya kan shiga hular waya ko ramin da fulogi ke zaune. Sai wuta ta bi ta bayan tangaran, ta bar wani siririn baƙin zane. Da zarar zanen nan ya fito, wuta ta sami hanya, ba ta sāke barinta. In kuma ruwan sanyi ya fantsama kan tangaran mai zafi, yana iya tsagewa.

Na huɗu gurɓataccen mai. Inda gidan mai ya yi nisa, dole a sayi na 'yan bumburutu. Akwai masu amana cikinsu, amma man da ya kwana cikin jarka mai datti, ko aka gauraya shi da kananzir, ba ya ƙonewa da kyau, fulogi ne kuwa farkon mai shan wahalarsa.

7. Alamun da direba zai ji

Fulogi ba ya yawan mutuwa farat ɗaya, ya kan yi sallama tukuna. Ga alamunsa:

Inji ya yi wuyar tashi da safe, baburin da a da shuri ɗaya ke tayar da shi yanzu sai an yi biyar ko an tura.

In yana tsaye a kunne ya riƙa rawa da shessheƙa, ko ya mutu da kansa.

In an ba shi wuta a hawa ko cikin rairayi ya riƙa fizga kamar doki mai tutsu.

Salansa ta riƙa harbi, hayaƙi na warin ɗanyen fetur.

Man da a da ke kai ka Zurmi daga Ƙaura ka komo, yanzu ba ya isa.

Wannan ta ƙarshe ta fi ciwo a yau. Tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Duk lokacin da wuta ta yi fashi, fetur ɗin da ka saya ya fita ta salansa bai yi maka aikin kome ba. A motocin zamani kuma hasarar ta fi haka. Tsohon fulogi yana wahalar da kwail har ya ƙone, ɗanyen man kuma yana lalata matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kowannensu kuwa ya fi fulogi tsada nesa. In fitilar gargaɗi mai hoton inji tana ƙiftawa, kada a ci gaba da ba mota wuta.

Sai dai waɗannan alamu ba na fulogi kaɗai ba ne. Kafireta mai datti, ko waya mai tsaguwa, ko kwail mai rauni, duk su kan kawo irinsu. Don haka sai a kwance a duba.

8. Karanta fuskar fulogi

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fulogi shi kaɗai ne abin da ke zaune cikin wutar inji wanda a ke iya fitarwa da sifana guda. A dube shi da rana, bayan tafiya sosai, ba bayan inji ya daɗe a tsaye yana aiki ba.

In bakin tangaran ruwan ƙasa ne mai haske, kamar ɓawon gyaɗa, ko toka-toka, tsinke kuma da sauran kaifinsa, lafiya lau. A mayar da shi.

In launin na da kyau amma tsinke ya dakushe, ƙugiya ta sirance, ya tsufa ke nan. A sāke shi.

In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A duba matatar iska da cok da kafireta.

In baƙi ne jiƙaƙƙe mai maiƙo, baƙin mai na shiga silinda. Sau da yawa za a ga shuɗin hayaƙi a salansa. Wannan aikin bakanike ne.

In ya jiƙe da fetur tsabta, wuta ce ba ta zuwa, ko an cika shuri har inji ya sha mai. A shanya shi, a duba waya da kwail.

In fari ne fat, da ƙuraje kamar ƙuna, ko bakin ƙarfen ya fara narkewa, zafi ya yi yawa. Wannan ya fi duka hatsari. In bakin fulogi ya wuce kimanin digiri 800, ya kan kunna mai tun tartsatsi bai zo ba, har ya iya huda fistan. Kada a yi doguwar tafiya sai an gano dalili.

In tangaran ya tsage, ko da baƙin zanen nan a bayansa, a sāke shi, a sāke hular waya tare.

A nan akwai abin lura babba. Cikin waɗannan fuskoki, tsufa da tsaguwa ne kaɗai laifin fulogi. Sauran duka shaida ya ke bayarwa a kan wani ciwo da ke wani wuri. Mutumin da ke sayen sabon fulogi kowane mako, matatar iskarsa kuwa a toshe, ya bar jaki yana dukan taiki. A mota mai silinda huɗu a jera fulogan bisa tsarin da aka fitar da su. In ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, ciwon yana cikin silindarsa. In duka sun yi kama, a nemi abin da ya haɗa su, watau mai ko iska.

9. Awon rata

Ratar fulogin ƙananan babura ta kan kasance milimita 0.6 zuwa 0.8, ta motoci kuwa 0.7 zuwa 1.1, kowane inji da tasa. Kanikawa suna da waɗansu siraran ƙarafa masu lamba na auna ta. Wanda ba shi da su, ya san katin cirar kuɗi na banki kaurinsa milimita 0.76 ne. In katin ya shiga ratar fulogin ƙaramin babur yana lilo, ratar ta wuce kima.

In fulogi na kullum ne, bakinsa kuma bai dakushe ba, ana iya ɗan lanƙwasa ƙugiyar a hankali a rage ratar. Ba a taɓa tsinken tsakiya. Amma in ya riga ya dakushe, matse rata jinkiri ne kurum. Ƙona fulogi a wuta, ko goge shi da takardar yashi, dabarar fita daga daji ce, ba gyara ba. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a ciki tana iya faɗawa silinda. Mai bakin iridiyum ko filatinum kuwa ba a goge shi sam, gama tsinkensa siriri ne ƙwarai.

Wasu su kan jingina fulogi a jikin inji su yi shuri don su ga wuta. Shuɗiyar wuta mai ƙara alama ce mai kyau, ja mai rauni kuwa ba ta da kyau. Amma fulogi yana iya ba da wuta a sarari ya kāsa a cikin matsi. A yi wannan gwaji nesa da fetur da ramin fulogin, kada kuma a riƙe ƙarfen da hannu.

10. Sayen sabo

Fulogai sun yi kama a ido, amma ba ɗaya su ke ba. A jikin kowanne akwai baƙaƙe da lambobi, su ke faɗin kaurin haƙora, da tsawonsu, da yadda ya ke sallamar zafi. Wanda ya cika tsawo fistan na iya dukansa. Wanda ya gajarta kuma wutarsa ta kan ɓuya cikin rami. Akwai mai zafi, watau mai riƙe zafi a bakinsa, akwai mai sanyi, mai saurin sallamar shi. A wajen NGK, in lamba ta ƙaru sanyi ya ƙaru. A wajen Bosch da Champion kuwa akasin haka ne. Saboda haka kada a gwada lambar wani kamfani da ta wani da ka. A tafi da tsohon kasuwa, ko a kwafe abin da littafi ya ce.

A yi hattara da jabu, gama ana kwaikwayon sunayen manyan kamfanoni. A dubi rubutun ko ya yi dishi-dishi, da haƙoran ko suna da kaushi, da ƙugiyar ko ta daidaita a kan tsinke, da zoben da ke gindin haƙora ko yana zamewa ya faɗi. In kuɗin ya yi arahar da ta ba ka mamaki, ka tuna araha ba ta ado.

11. Yadda a ke sākewa

A bari inji ya huce. Kan yawancin injuna na goran ruwa ne, ƙarfe mai taushi, haƙoransa su kan zube in an murɗa da zafi.

A kama hular waya a ja, kada a ja wayar kanta.

Kafin a kwance, a hure yashin da ya taru a gindin fulogi. A ƙasarmu wannan shi ne mafi muhimmanci, domin duk abin da ke wurin cikin silinda zai faɗa.

A fara ɗaura sabon da yatsu har ya zauna. In ya cije tun farko, a komo da shi baya a sāke, kada a tilasta shi da sifana.

In ya zauna, sabon fulogi mai zobe a ƙara masa kimanin rabin juyi da sifana. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan motsi kaɗan ya isa. In akwai bayani a jikin kwalin, shi za a bi.

A mota a sāke su duka tare, ɗaya bayan ɗaya, don kada wayoyi su rikice.

Akwai kuma wani amfanin sifanar fulogi da ya kamata mai ratsa gulbi ya sani. In inji ya mutu cikin ruwa mai zurfi, kada a yi ƙoƙarin tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in fistan ya hau kansa sandarsa na iya lanƙwashewa. A fitar da abin hawan kan tudu, a cire fulogai duka, a juya inji har ruwan ya fita ta ramukansu. A shanya matatar iska, a duba baƙin mai, in ya koma kamar madara a sāke shi.

12. To, yaushe ke nan?

Ga shawarar da ta fito daga abin da muka bayyana.

Wanda yawancin tafiyarsa a daji ta ke, ya ɗauki nisan da littafi ya faɗa ya raba biyu. In ya kai rabin nan, ya kwance ya duba da niyyar sākewa.

Ɗan kabu-kabu mai fita kullum ya duba fuloginsa duk sa'ad da ya ke juyen baƙin mai. Mai mota ya duba sau biyu a shekara: sau ɗaya da bazara kafin ruwa ya sauka, gama ƙurar rani ta gama aikinta, ruwa kuma na tafe ya nemi kowace tsaguwa, sau ɗaya kuma da kaka kafin jigilar amfanin gona.

A sāke shi nan take in tsinke ya dakushe, ko tangaran ya tsage, ko baki ya narke, ko an wanke shi baƙin ya ƙi fita, ko da agogo bai kai ba.

In sabo ya yi baƙi cikin 'yan kwanaki, kada a sayi wani sai an nemi dalili. Ruwa ba ya tsami banza.

A rubuta ranar da aka sāke shi a ɗan littafi, ko a jikin murfin akwatin kayan aiki.

A ajiye sabon fulogi guda cikin kwalinsa, da sifanarsa, a cikin abin hawa kullum. A gwada shi sau ɗaya a gida don a tabbata yana aiki. Tsohon da aka cire don ya gaji ba guzuri ba ne.

Dukan aikin nan bai wuce minti goma a babur ba, a inuwar ƙofar gida, da rana tsaka, yara na miƙo sifana. Shi ne kuma aikin da wani zai yi a tsakiyar daji, hannu na rawa, fasinja na duban gabas da yamma, rana na faɗuwa. Mutum shi ke zaɓen inda zai yi nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.